Wayar da ba ke kika saya mata ba

Wata baiwar Allah daga unguwar Garin Malam, nan cikin Damagaram, ta yi tambaya kamar haka: "Ɗiyata shekararta 12, tana ajin farko na koleji, yayanta kuma 14. Na tsinci 'yar ƙaramar salula a ƙarƙashin katifarta, ta ce wai ajiyar ƙawarta ce. Shi kuma yaron ba ya baro fada sai dare ya raba. Babansu ya ce a zane ta, a cire ta daga lakkwal a yi mata aure. Ta yaya zan koya musu su gane mai son su da alheri da mai nufin cutar da su, ba tare da na buɗe musu ido ba?"

'Yar'uwa, Allah ya shirya mana zuri'a. Aikina sauraron yara ne, a koleji da kuma a zaman 'yan mata da ake yi cikin unguwanni, don haka zan amsa miki da abin da su yaran suke faɗa idan sun saki jiki. Kafin komai, ki lallashi Malam ya ajiye bulalar nan. Duk abin da zan gaya miki ya rataya ne a kan abu guda: yarinyar ta tabbata cewa in ta zo miki da magana mai nauyi, ba duka za ta tarar ba. Mai son lalata yarinya ya fi mu sanin wannan. Maganar da ya fi dogara da ita ita ce, "In kika kuskura kika faɗa a gida, kashe ki za su yi." Ranar da aka zane ta a kan wayar nan, an gaskata shi, kuma daga nan shi ne zai zama wurin kai kukanta.

Batun buɗe ido kuwa, ki kwantar da hankalinki. 'Yar shekara 12 a garin nan ta riga ta ji abin da kike tsoron ta ji. Ta ji shi a layin famfo inda ake kwana jiran ruwa, ta ji shi a gidan biki, ta gani a wayar ƙawarta, a TikTok da WhatsApp. Abin da ba ta samu ba shi ne babban da zai zauna ya taya ta tace abin da ta kwaso. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa shekara 10 zuwa 19 a matsayin shekarun tashen balaga, kuma zangon farko, 10 zuwa 14, shi ne inda 'ya'yanki biyu suke. Alamun balaga kan fara bayyana ga mace tsakanin shekara 8 da 13, ga namiji tsakanin 9 da 14. Amma sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abin da zai je ya dawo, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi kuwa son yabo, da son a ce kana cikin tsara, ya riga ya farka da ƙarfinsa. Shi ya sa za ki ga jiki ya fara zama na budurwa alhali lissafin na yarinya ne. Ɗiyarki ba ta lalace ba. Tana daidai shekarun da kalma mai daɗi ke tafiya da mutum, kuma manyan da ke bibiyar yara sun san haka sarai.

Kada ki fara da maganar saurayi. In kika fara ta nan, kunya za ta rufe bakinta, ke ma ta rufe naki. Ki fara da ƙawaye, don a can ne yaro ke fara koyon abin da zai jure da abin da ba zai jure ba. A zaman da muke yi nakan ba su labarin 'yan mata biyu. Ɗayar kullum tana ce wa ɗayar, "In na sake ganinki da wance, ni da ke mun ɓata." Tana karɓe mata kuɗin karin kumallo, tana tona asirinta a gaban aji, in ta yi fushi kuma ta ce ai wasa ne. Sai in tambaye su, wannan ƙawance ne? Kusan rabin ɗakin kan ce, "Ai madam, don tana son ta ne take kishinta." Wata rana wata 'yar siririya da ke zaune a bayan tabarma, hijabinta duk tabon tawada, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "To in son ta take yi, me ya sa cikinta ke ɗurar ruwa duk lokacin da ta hango ta?" Ɗakin ya yi tsit, sannan aka fara kawo sunaye, har sai da na tsawatar na ce ba mu ambaton kowa. Tun daga lokacin nake amfani da tambayar yarinyar nan. Ke ma ki yi wa ɗiyarki ita, kuna tsintar shinkafa ko kina yi mata kitso, lokacin da ba sai kun haɗa ido ba: "A cikin mutanen da kike mu'amala da su, wa kike jin sanyi in kin gan shi, wa kuma gabanki ke faɗuwa?"

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne su koya wa yaro gane mugu ta kamanninsa: baƙo, ɗan shaye-shaye, mai askin banza. Abin da ma'aikatan kare yara suka sani ko'ina a duniya shi ne, mafi yawan masu cin zarafin yara mutane ne da yaron ya sani, har iyayen ma sun sani: maƙwabci, mai shagon bakin layi, abokin yaya, ɗan'uwa na jini, wani lokaci malami. Mutum ne mai gaisuwa, mai fara'a, mai yiwuwa ma a sahun gaba yake salla. Don haka yaro halin zai koya ya gane, ko daga wa ya fito.

Halin da na fi so ki dasa mata a zuciya shi ne abin da mutum ke yi idan an ce masa a'a. Mai son ki da gaskiya, in kin ce ba ki zuwa, zai iya jin ba daɗi, amma gobe zai gaishe ki yadda ya saba. Mai cutarwa ba ya iya haɗiye a'a. Zai yi fushi, ko ya daina kula ki har sai kin ba shi haƙuri, ko ya ce, "Ashe ba ki so na," ko ya tuna miki abin da ya kashe a kanki. Wannan ma'aunin yana aiki a kan ƙawa, da saurayi, da kawu, da mushen aji, kuma zai yi mata aiki a ɗakin aure nan gaba. Sai dai akwai abin da ke da wuyar ji a nan. Yarinyar da ba a taɓa bari ta ce a'a a gidansu ba, ba za ta iya faɗarta a waje ba. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata a kan cewa duk babban da ya kira ka sai ka je, duk wanda ya aike ka sai ka tafi, kuma ladabi abu ne mai kyau, ba na so a rasa shi. Amma ki ware mata wuri guda ki faɗa mata da bakinki: "Duk wanda ya ce ki shigo ɗaki ke kaɗai, ko ya taɓa jikinki, ko da wane ne shi, ki ce a'a ki fito. Ni zan tsaya miki, ko a gaban babanki, ko a gaban nawa uban."

Sai kyauta, kuma nan zan daɗe, don ita ce ƙofar da aka fi shigowa ta cikinta a garinmu. Ki dubi yarinya mai tallar ƙosai ko gyaɗa a bakin tasha ko a kewayen Kasuwar Dole. An ce mata kada ta dawo da saura. Rana ta take, tiren bai yi rabi ba. Wani mutum da ke zaune a kan benci ya kira ta, ya ce ta juye duka, ya miƙa mata jika biyu ya ce ta riƙe canjin. Bai taɓa ta ba, bai faɗi kalmar banza ba. Ta koma gida da wuri, uwa ta sa mata albarka. Gobe ma haka. Bayan mako biyu ya ce, "Yau ba ni da canji a nan, biyo ni shago ki karɓa." Bayan wata guda ga 'yar salula, "don in riƙa sanin kin iso lafiya, amma kada Inna ta gani, za ta ƙwace." Kafin ya nemi komai, yarinyar ta riga ta ji a ranta cewa ana bin ta bashi, kuma tana da laifin ɓoyewa da ba ta iya bayyanawa. Tsaba ake zuba wa kaza kafin a kama ta, kuma ba a zuba ta lokaci guda. Yaro ba ya ganin wannan jerin, don kowane mataki shi kaɗai bai yi kama da laifi ba. Aikinki shi ne ki nuna mata jerin tun daga farko har ƙarshe, a cikin labarin wata, ki bar ta ta faɗi da kanta inda ya kamata yarinyar labarin ta tsaya.

Ki ba ta doka mai sauƙin riƙewa: kyautar da ba za a iya nuna wa uwa ba, ba a karɓarta. Ki kuma bambanta mata sirri iri biyu. Akwai na ɗan lokaci mai sa farin ciki, kamar an saya wa Kaka atamfar salla an ce kada a gaya mata sai ranar. Akwai wanda ba shi da ranar ƙarewa, wanda ke hana barci, wanda babba ya ɗora wa yaro. Irin wannan na biyun, faɗarsa ba cin amana ba ne, ko da an sa ta ta rantse. Yara da yawa sun yi shiru don an sa su dafa Alƙur'ani, suna tsoron in sun yi magana wani abu zai same su. Ki gaya mata rantsuwar da aka tilasta wa yaro don a rufe zalunci ba ta hau kansa ba.

A nan dole in faɗi wata gaskiya ga mu iyaye mata. In yarinya ta shigo da sabulu da man shafawa da takalmin da ba mu saya ba muka kawar da kai, ko muka ce "Allah ya yi masa albarka" ba mu tambayi ko wane ne ba, mun koya mata cewa jikinta da fara'arta hanyar shigowar kaya ne. Na san halin da ake ciki, na san abin da buhun hatsi ya kai. Amma tambayar "wa ya ba ki, kuma don me?" ba ta cin ko dala.

Game da jiki, addininmu ya riga ya ba ki ƙofar shiga. Aya ta 58 a Suratun Nur ta umarci a koya wa yaran da ba su balaga ba neman izini kafin su shiga wa manya a lokuta uku: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan isha'i. Yaron da aka koya masa cewa jikin wani yana da hurumi, cikin sauƙi zai gane nasa ma yana da shi. Ki koya mata sunayen gaɓoɓinta yadda in wani abu ya faru za ta iya bayani a gane, ki yi mata maganar haila kafin ta zo mata. Yarinyar da ta ji wannan daga bakin uwarta takan dawo da tambaya ta biyu.

Waya kuma tana da nata ƙarin haɗarin: hoto. Saurayi ya ce a turo masa hoto ba ɗankwali, daga nan a wuce gaba, ranar da aka ɓata ya ce zai watsa a zauren WhatsApp na 'yan aji. Ki gaya musu su biyun cewa abin da ya fita daga waya ba ya dawowa, kuma in an riga an tura, biyan buƙatar mai barazana ba ya tsayar da shi, ƙara masa ƙarfi yake yi. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma ana kai irin wannan ƙara kwamisariya. Kada a goge saƙonnin, su ne shaida.

Yanzu yaronki, wanda na lura tambayarki ta ba shi layi ɗaya kawai, kamar yadda muka saba. Fada a kanta ba aibu ba ce. Akwai fadodin da ke share unguwa, suna tara kuɗi in ɗayansu ya kwanta ciwo, suna gadin layi da dare. Amma ɗan shekara 14 a fadar 'yan shekara 20 da wani abu ba aboki ba ne, ɗan aike ne. Shi ke hura gawayin shayi, shi ke sayo taba, wata rana a aike shi sayo tramol, wata rana a ce ya kira wance, don ita ba za ta ji tsoron yaro ba. Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san yadda wasu ƙungiyoyin matasa da ake kira pale suka jawo yara ƙanana ta wannan hanya. Ma'aunin a'a ɗin nan shi ma nasa ne: in ka ce ba ka sha, ko ba ka zuwa, me suke ce maka? In amsar ita ce "kai mace ne" ko "ɗan Inna", to ya san inda yake zaune. Kuma yara maza ma ana lalata da su, sun ma fi mata ɓoyewa, don suna ganin faɗa zai zubar musu da mazantaka. Duk abin da kika gaya wa ƙanwarsa game da jiki da sirri, shi ma a gaya masa.

Akwai kuma ɗaya gefen, kada ya zama shi ne mai cutar. A fada ake koya wa yaro cewa in yarinya ta ce a'a yanga ce, cewa bincika wayar budurwa da hana ta gaisawa da kowa shi ne so. Wannan aikin Malam ne, kuma yana da abin koyi. Ya zo a hadisi cewa wani saurayi ya je wurin Annabi (SAW) yana neman a yi masa izinin zina. Mutane suka yi masa ca, amma Annabi ya ce ya matso, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa haka, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, ko gwaggonsa, yana cewa a'a, sannan ya dafa shi ya yi masa addu'a. Malam ya ɗauki yaron a bayan babur, su je gona ko kasuwa, ya tambaye shi su wa yake zama da su, ya nemi ya kawo su gida su gaisa. Maza zama su tattauna lafiyar iyali ba baƙon abu ba ne a wurinmu: makarantun mazaje da ake yi a ƙasashe da dama yanzu, a jihar Damagaram aka fara su a 2008. Kuma yaron yana kallon yadda babansa ke yi wa ke magana in ransa ya ɓaci. Abin da ya gani a tsakar gida ya fi duk wa'azin da za a yi masa shiga.

Maganar a cire ta daga lakkwal a yi mata aure, ban goyi baya ba ko kaɗan, kuma zan faɗi dalili. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kashi 28 kafin 15, kuma Maradi da Damagaram suna kan gaba. Da aure da wuri yana maganin abin da muke tsoro, da mun fi kowa kwanciyar hankali. Abin da muke gani shi ne yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta yi doguwar naƙuda, ta rasa jaririn, wata ta fito da yoyon fitsari, wata ta dawo gida da saki kafin ta cika 16. Dokar farar hula ta ƙasa ma, wadda da yawanmu ke ganin ta yi ƙasa, shekara 15 ta sa wa mace. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare yarinyar da ke karatu da tallafa mata ta ci gaba. Ta fuskar addini kuma, Khansa'u bint Khidam ta kai ƙara cewa mahaifinta ya aurar da ita ba da son ranta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Yarinyar da ba ta iya bambanta kyauta da tarko ba tukuna, kai ta gidan miji ba ya koya mata, sai dai ya raba ta da ke, ke da za ki koya mata. In Malam ba ya jin wannan daga bakinki, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayarsa ko limamin unguwa, su yi masa magana.

To, wayar. Ki zaunar da ita ku biyu, ba a gaban yayanta ko kishiya ba. Ki ce mata, "Ban yi fushi da ke ba, tsoro na ji. Wanda ya ba ki wannan ya san bai kamata ba, shi ya sa ya ce ki ɓoye." Sannan ki yi shiru ki jira, ko da shirun ya yi tsawo. Mai yiwuwa ne da gaske ta ƙawarta ce, in haka ne akwai wata uwar da ya kamata ta sani. In ta ambaci suna, kada ki yi salati da kururuwa, kada ki ce "me ya kai ki?" Ki ce, "Kin kyauta da kika gaya mini." In ya tabbata an taɓa ta, a tafi asibiti a ranar, ƙaramin asibitin unguwa (CSI) ko cibiyar kula da uwa da yaro, kafin a tsaya shawarar dangi, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki kuma ba ya wuce kwana biyar. Bayan haka a sanar da 'yan sandan da ke kula da al'amuran yara ko ofishin kare yara na jiha. Za a zo miki da "a rufa asiri, a sasanta a gida". Ki sani wanda aka rufa wa asiri a kan ɗiyarki, gobe ɗiyar maƙwabciyarki zai kira. In kuma mai kiran malami ne, kada ki tunkare shi ke kaɗai: ki tafi wurin darakta tare da wata daga ƙungiyar iyaye mata ta makarantar, ki riƙe wayar a hannunki da saƙonninta yadda suke.

In ba uwa take iya buɗe wa ciki ba, kada ki ji haushi, da yawa haka suke a wannan shekarun. Ki tambaye ta wace babba ta yarda da ita, ƙanwarki ce, ko gwaggonta, ko malamar islamiyya, ki je ki gaya wa matar cewa kin ba ta izinin sauraro. Ki kuma tambaya a unguwarku ko ana zaman 'yan mata irin na shirin Illimin, wanda aka fara a 2013 don 'yan shekara 10 zuwa 19. Akasari waɗanda ba sa zuwa lakkwal ake ɗauka, amma matan da ke jagorantar zaman sun san wannan aikin, kuma za su nuna miki yadda ake buɗe hirar.